Yaya, wai nan ce Amurkar?

Ƙanina ya sauka a filin jirgin garinmu wajen ƙarfe 9 na dare, cikin goman ƙarshe na azumin 2023, bayan kusan kwana biyu a hanya daga Abuja, ya canja jirgi har sau biyu, na ƙarshen wani ɗan mitsitsi ne da ya kwaso su daga Washinton wanda ya ce kamar motar homa ce aka sa wa fuffuke. Na zuba kayansa a but muka hau titi. Minti 5, minti 10, bai ce uffan ba sai leƙen taga yake. Itatuwa hagu, itatuwa dama, duhu, can sai ka ga gidan mai ɗaya da fitilunsa, sai kuma itatuwa. Can dai ya kasa haƙuri ya ce "Yaya, sai yaushe za mu shiga gari?" Na ce ai tun ɗazu muna ciki. Ya yi shiru, ya sake leƙawa, sannan ya ce "wai nan ce Amurkar?"

Ban ga laifinsa ba wallahi, don ni ma ranar da na zo abin da ya zo min a rai kenan, ban dai samu wanda zan tambaya ba ne. Mu a gida in an ce Amurka abin da ke kanmu Niyok ne, dogayen benaye da motocin haya ruwan ɗorawa da mutane kamar kasuwar Kwari ana gobe sallah. To garin da nake ba haka yake ba. Sunansa Greensboro a rubuce, mutanenmu kuma Girinsboro suke cewa, yana jihar Karolina ta Arewa, kuma a ƙidayar 2020 mutum 299,035 aka samu a cikinsa, shi ne na uku a jihar bayan Charlotte da Raleigh. Ka ga ba ƙauye ba ne, amma an baje shi ne kamar an shanya hatsi, gida nan gida can, kowanne da ciyawarsa da itatuwansa, in ka hau sama ka kalli garin sai ka rantse daji ne. Cikin garin ma da ake taƙama da shi, titin Elm ne da 'yan titunan da ke gefensa, bene mafi tsawo bai wuce hawa 20 da 'yan kai ba, in ka sa kai da ƙafa cikin rabin awa ka gama da shi.

Washegari da safe ya fito ya ga motata ta koma rawaya, ya shafa da yatsa ya ce au, ashe ku ma kuna da hazo? Na ce wannan ba hazo ba ne, garin furen itatuwa ne, duk shekara daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu haka yake sauka a kan mota da baranda da komai, ka wanke yau gobe ya dawo. Kafin azahar ya fara atishawa ido ya yi ja, ga azumi a baki. Na ce to sannu da zuwa.

Abu na farko da zan faɗa wa duk wanda zai zo irin wannan gari, ko zama ko ziyara, shi ne mota. Wanda ba shi da mota a nan gurgu ne, ba ƙari a maganar. Ba adaidaita sahu, ba acaɓa, ba wai ka fito bakin titi ka ɗaga hannu wani ya tsaya ba. Akwai bas na gari amma wani layin sai ka yi rabin awa kana jira, da dare ko ranar Lahadi ma ya kan kai awa guda, kuma kusan duk layukan sai sun koma babbar tasha ta cikin gari kafin ka canja, tafiyar da mota za ta yi a minti 15 sai ta cinye maka awa ɗaya da rabi. Watannina na farko haka na yi su, wani lokacin in taka a gefen titin da ko hanyar masu ƙafa babu, motoci na wucewa fuu kowa na kallona kamar wanda ya ɓata. Wani dattijo ɗan Maraɗi ne ya gan ni a masallaci wata Juma'a takalmina duk taɓo, ya ce "yaro, kana da permi?" ban ma gane ba sai da wani ya ce lasin tuƙi yake nufi. Shi ya riƙa ɗaukata ranar Lahadi zuwa filin ajiye motoci na wata makaranta yana koya min tuƙin nan, don tuƙin Kano daban na nan daban, a nan in ka ga alamar tsayawa sai ka tsaya cak ko da ƙarfe 3 na dare ne ba kowa, in kuma bas ɗin 'yan makaranta ya tsaya ya fito da alamarsa to kowa ya daskare. Daga baya ya sayar min da tsohuwar Corolla ɗinsa ina biya kaɗan kaɗan, ba takarda ba shaida. Allah ya saka masa da alheri, har yau Baba nake ce masa.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ba ƙanin nawa mamaki. Kwana biyu da zuwansa muka shiga wani babban kantin kayan abinci na ƙasashen waje da ke titin West Market, yana tsaye gaban buhunan shinkafa sai ya ji wata mata a bayansa tana waya tana cewa "wallahi ban samu yakuwa ba, sai dai kuɓewa", ya juyo da sauri har ya kusa ture kaya. Girinsboro na cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa, tun shekarun 1990 suke zuwa, wani ya jawo wani, Zabarmawa da Hausawa, 'yan Yamai da Dosso da Tawa da Maraɗi da Damagaram. Mu 'yan Najeriya masu jin Hausa ba mu da yawa, a cikinsu muka narke. Yanzu ni ma in zan ce makaranta sai in ji lakwal ta fito, ofis ya koma buro, na iya gaisuwar Zabarmanci fofo da mate ni go, na saba da shayi zagaye uku da kwaɗon zogale irin na Zabarmawa da suke ce wa kopto. Akasarin mutanenmu aikin sito suke, ko tuƙin Uber da manyan motoci, wasu na sayen motoci a gwanjo su loda a kwantena zuwa Kwatano, mata kuma kitso, kuma kitso a nan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ba mu kaɗai ba ne baƙi, akwai 'yan Sudan da yawa, akwai 'yan Meziko, akwai wasu mutanen tsaunukan Biyetnam da ake kira Montagnard waɗanda suka taimaki sojan Amurka lokacin yaƙi aka kwaso su nan daga baya.

Sallah ta kama ranar Juma'a 21 ga Afrilu. Ya sha shaddarsa da hula zanna bukar, muka je idi, ya ga Sudanawa da farar jallabiya da rawani, ga 'yan Fakistan, ga Falasɗinawa, ga baƙaƙen Amurka musulmi, ga namu da manyan riguna, ya ce kai kamar Mina. Amma ana sallamewa ya ga rabin mutane na sauri zuwa mota, wani ma yana cire babbar riga a filin fakin kayan aiki na ciki. Ya ce ina za su? Na ce aiki mana, waye ya ba ka hutun sallah a nan. Abin ya taɓa shi, ni kuma na riga na saba har na manta cewa abin baƙin ciki ne.

Shirun garin shi ne abin da ya fi damunsa, kuma gaskiya ni ma shi ya fi ba ni wuya shekarun farko. Ba kiran sallah sai a waya. Ba mai shayi, ba majalisa a ƙofar gida, ba yara masu ƙwallo a lungu, ba almajiri ba mai tallan ƙosai. Ƙarfe 9 na dare unguwa ta mutu murus sai kukan ƙwari, da safe kurege ne kawai ke zirga-zirga. Mutanen kudancin Amurka kuma akwai fara'a, wannan ba a ƙwace musu ba, wanda bai san ka ba zai ɗaga maka hannu daga mota, tsohuwa a kanti za ta riƙe ka da hira ta tambaye ka daga ina kake, wace coci kake zuwa, ta ce Allah ya yi maka albarka. Amma maƙwabcina na dama shekara 4 muna gaisawa kullum, ya san sunana na san nasa, ban taɓa ganin cikin falonsa ba shi ma bai taɓa ganin nawa ba. Ƙanina ya ce wannan ai ba maƙwabtaka ba ce. Ranar sallah ya matsa sai da muka kai wa mutumin tuwo da miyar taushe, ya karɓa yana ta godiya kamar zai yi kuka, bayan kwana biyu ya dawo mana da kwanon an wanke da katin godiya a ciki. Har yau dai ban shiga falon ba.

Maganar abinci, bari in ja kunnen duk musulmin da zai zo jihar nan. In ka ji an ce babakyu kar ranka ya ba ka tsire ko balangu. A Karolina ta Arewa babakyu naman alade ne, a gasa shi awa da awanni a kan itace a daddatsa a zuba masa ruwan tsami, kuma abin alfaharinsu ne, har gardama suke tsakanin salon gabashin jihar da salon garin Lexington da ke kudu da mu kaɗan, kamar yadda za ka ji ana musu kan kilishin wane gari ya fi. Satina na uku a wurin aiki abokan aiki suka ja ni wani gidan abinci, ƙamshin hayaƙi ya cika wurin yawuna har ya tsinke, Allah ya taimake ni na tambayi naman mene ne kafin a kawo. Na ce to a ba ni wake da ganye kawai, sai mai kawo abincin ta ce ai waken ma da ganyen da naman aladen ake dafa su. Ranar dankali soyayye na ci da shayinsu mai sanyi, wanda sukari ne zalla da ƙanƙara. Yanzu dai alhamdulillahi akwai shagunan naman halal da dama, wasu kuma su haɗa kuɗi su je gona a wajen gari su yanka rago ko ɗan maraƙi su raba, watanda sak.

Da azumi ya wuce na ɗauki hutun kwana 3 na ce bari in nuna masa garin, don baƙo ko da ido makaho ne. Na fara kai shi inda nake kai kowa, tsohon kantin Woolworth da ke titin Elm. Ranar Litinin 1 ga Fabrairu 1960 wasu ɗalibai huɗu baƙaƙe 'yan ajin farko a kwalejin A&T, wato Ezell Blair Jr. da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond, suka shiga kantin nan suka sayi 'yan kayayyaki aka karɓi kuɗinsu ba matsala, sannan suka je kantar cin abinci suka zauna a kujerun da aka ware wa farare kawai suka ce a ba su kofi. Aka hana su. Ba su yi faɗa ba ba su yi zagi ba, suka yi zamansu har aka tashi kanti. Washegari suka dawo da wasu, kafin sati ya ƙare ɗaruruwa ne, har da 'yan matan kwalejin Bennett, kuma cikin 'yan makonni wannan zaman dirshan ya bazu garuruwan kudu birjik. Sai ranar 25 ga Yuli na shekarar kantin ya sauko, kuma waɗanda aka fara ba abinci a kantar ma'aikatan kantin ne baƙaƙe, waɗanda kullum su ke dafawa amma ba su isa su zauna su ci ba. McCain ya sha ba da labarin wata tsohuwa farar fata da ta taso ta nufo su a ranar farko, shi ya ɗauka zagi ne ko abin da ya fi zagi, sai ta dafa su ta ce tana alfahari da su. An rufe kantin a 1993, a 2010 aka buɗe ginin a matsayin gidan tarihin gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe, kantar na nan a inda take da kujerunta masu juyawa, an dai yanki wani ɓangare aka kai gidan tarihi na Smithsonian a Washinton.

Ƙanina mai surutu ne amma a wurin nan bakinsa ya mutu. Da muka fito ya ce Yaya 1960 fa, shekarar da muka samu 'yancin kai. Na ce ƙwarai, Nijar a Agusta mu a Oktoba, wato lokacin da su Sardauna da Tafawa Ɓalewa ke shirin karɓar ƙasa, a nan baƙin mutum kofi yake roƙo a sayar masa a zaune. Na kuma gaya masa shi Ezell Blair ɗin daga baya ya musulunta ya koma Jibreel Khazan, nan fa ya washe baki kamar ɗan uwansa ne. Yaran nan shekarunsu 17 zuwa 19 ne lokacin. Ni duk sanda na shiga wurin nan sai in tuna cewa kujerar da nake zama a kowane gidan abinci a garin nan ba a banza na same ta ba, kuma ina jin haushin wasu 'yan Afirkanmu da ke zuwa jiya jiya su fara raina baƙaƙen Amurka suna ce musu malalata. Ba su san komai ba.

Kuma kar a ɗauka labarin ya ƙare da daɗi a 1960. Ranar 3 ga Nuwamba 1979 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar farare masu ƙin baƙaƙe, da 'yan Nazi suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a wata unguwar baƙaƙe a garin nan, da rana tsaka gaban kyamarorin talabijin, suka kashe mutum 5, aka yi shari'a har sau biyu ba wanda aka ɗaure. Sai a 2020 majalisar gari ta nemi afuwa a hukumance. Har gobe in ka tuƙa daga yammacin gari zuwa gabas za ka ga bambancin da idonka, yamma manyan gidaje da kantuna da inuwa, gabas inda baƙaƙe suka fi yawa gidaje ƙanana, manyan kantunan abinci jefi jefi, kuma akwai unguwannin da da dare kana jin ƙarar bindiga. Guguwar da ta faɗo a Afrilun 2018 ma gabas ɗin ta daka. Mutanenmu da yawa a irin waɗannan unguwanni suka fara zama saboda arhar haya.

Sauran yawon bai ɗau lokaci ba. Mun je filin yaƙin Guilford Courthouse inda Janar Nathanael Greene, wanda garin ya ci sunansa, ya gwabza da sojan Ingila ranar 15 ga Maris 1781 a yaƙin neman 'yancin Amurka, sojan Ingilan suka ci filin amma suka yi asarar da ba su farfaɗo ba, watanni 7 bayan nan suka miƙa wuya a Yorktown. Yau wurin shaƙatawa ne, tsofaffi na tattaki da karnukansu, shi dai gunkin Janar a kan doki ne ya burge shi ya ce a ɗauke shi hoto. Na wuce da shi ta gaban tsohuwar masaƙar White Oak da ta yi sama da shekara 100 tana saƙa yadin jins har aka rufe ta a ƙarshen 2017, na ce ka ga Kakurin Kaduna ta nan kenan, su ma masaƙunsu sun mutu, bambancin kawai su sun samu abin da ya maye gurbi, ga kamfanin Honda na ƙera ƙananan jiragen sama a gefen filin jirgi, ga hedikwatar manyan motocin Mack da ta Volvo reshen Arewacin Amurka, ga situna ko'ina saboda manyan hanyoyi na 40 da 85 a nan suka haɗu. Wandon Wrangler ma ɗan garin nan ne. Duk bai wani motsa ba. Sai da na ce masa Vicks ɗin nan da Hajiya ke shafa mana a ƙirji in muna mura, wani mai kemis ne a garin nan, Lunsford Richardson, ya haɗa shi tun wajen shekarun 1890, nan ne ya ce haba dai! Nan take ya kira Hajiya a WhatsApp ya gaya mata.

Mun hau tsaunukan Blue Ridge rana ɗaya, tafiyar kamar awa biyu, teku kuma bai samu gani ba don ita sai ka yi awa 3 zuwa 4 ta gabas. Ya yi sa'ar lokaci ma, da Yuli ya zo da ya ji zafi mai gumi irin na Legas, da kuma hunturu ne da ya ga yadda ɗan ƙanƙara kaɗan ke rufe makarantu mutane su wawashe burodi da madara a kanti kamar za a yi yaƙi. A Disamban 2018 da ta zubo da gaske kwana biyu ban fita ba.

Wani dare muna zaune a baranda ya ce Yaya tsakani da Allah me ya zaunar da kai a nan, ga Niyok ga Atlanta ga Houston. Na ce lissafi. Abin da abokina ke biya na ɗaki ɗaya a unguwar Bronx ta Niyok, shi da wasu mutum biyu suna karɓa-karɓar gado, a nan ya kama min gida mai ɗaki biyu da wurin ajiye mota, duk da haya ta yi tashin gwauron zabi bayan korona. Daga gida zuwa aiki minti 15, zuwa masallaci minti 10, makarantar yara ga ta nan, ba go-sulo sai ɗan na titin Wendover da yamma wanda ɗan Kano zai yi masa dariya. In wani ya rasu cikinmu kafin la'asar an haɗa kuɗin jana'iza, in an yi haihuwa ranar Asabar ko Lahadi ake taron suna don kowa ya samu zuwa. Garin bai yi girman da za ka ɓace a ciki ba, bai kuma yi ƙanƙantar da za ka rasa aiki ba. Ya gyaɗa kai kawai, na san bai gamsu ba.

Satinsa na ƙarshe na kai shi tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta cikin gari ya hau Amtrak zuwa Niyok, tafiyar sama da awa 10, daga can zai tashi zuwa gida. Ni a raina na ce bari ya je ya ga tsada da cunkoso da ɓerayen jirgin ƙarƙashin ƙasa, zai kira ni ya ce Yaya ka yi gaskiya. Ya kira kuwa, bidiyo ma, yana tsakiyar Times Square fitilu na walƙiya a fuskarsa yana ihu don in ji shi, "Yaya! Ga Amurka nan! Wallahi ku a ƙauye kuke!" Ina cikin mota lokacin a filin fakin na wurin aiki saura minti 5 in shiga aikin dare, na ce to Allah ya kiyaye hanya, ka riƙe fasfo ɗinka da kyau.

Ya isa gida lafiya da tsarabar Vicks kwalba 6 da Hajiya ta ce lallai a sayo mata na asalin garin. Yanzu in ƙawayenta sun tambaye ta wai a ina ɗanta yake a Amurka, ba ta wahalar da kanta da Girinsboro, cewa take yana garin Vicks.